KO TAURA BIYU TANA TAUNUWA?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci cuta ya halicci magani, ya sanar da bayinsa abin da ya so daga asirinsu, ya ɓoye abin da ya so har zuwa lokacinsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku malamai da gardawa, da ku 'yan kasuwa masu karanta wannan fili, mas'alar da na ɗauko yau daga nesa ta ke, can ƙasar Amurka. Amma a zaurena ta same ni, kuma ina zaton za ta sami waɗansunku a nasu zaurukan.

Wani Alhaji abokina, mai sayar da yadi da atamfa, ya shigo mini bayan sallar La'asar, fuska ba walwala. Muka gaisa, ya zauna, ya ce: "Allah gafarta Malam, ka taya ni duba wannan al'amari. Yaron nan ya ce mini zai karanta likita, na yarda, na sa masa albarka. Yau shekara huɗu ke nan cur. Abokansa da suka shiga aji rana ɗaya an ba su shaidarsu, ana kiransu Dakta, har sun fara ɗaukar albashi. Shi kuwa na tambaye shi yaushe zai gama, ya ce wai yana tsakiya. Na ce to, me ka ke yi yanzu? Ya ce yana kiwon ɓeraye. Ɓeraye fa, Malam! Wai karatu biyu ya haɗa, na likita da na bincike. Ni kuwa tun ina yaro na ke jin taura biyu ba ta taunuwa. Ga shi na haura sittin. Ko zan ga ranar da zai gama?"

Na yi dariya da ya ambaci ɓeraye, amma da ya zo kan maganarsa ta ƙarshe dariyar ta tsaya. Tambaya ce ta uba, ba a amsa ta da wasa. Na roƙe shi ya ba ni kwana biyu in yi nazari, ga kuwa abin da nazarin ya haifa.

Da farko sai a san yadda wannan karatu ya ke. A Nijeriya yaro ya kan shiga karatun likita daga sakandare, ya yi shekara shida ya fito. A Amurka ba haka ba ne. Sai mutum ya yi digiri na farko na shekara huɗu tukuna, sa'an nan a karɓe shi makarantar likita, ya ƙara shekara huɗu: kimanin biyu a aji, yana karanta ginin jiki da aikin gaɓoɓi da cututtuka da magunguna, biyu kuma a asibiti yana bin manyan likitoci gado gado. To, wanda ya zaɓi haɗa karatu biyu, sai a tsaga waɗannan shekaru huɗu a tsakiya. In ya gama na aji, ya ci jarrabawar ƙasa ta farko, sai ya ajiye farar rigar asibiti ya shiga ɗakin gwaje-gwaje, ya yi kamar shekara huɗu yana bin tambaya guda ɗaya tak har ya rubuta kundi a kanta, a ba shi digirin digirgir. Sa'an nan ya komo asibiti ya ƙarasa sauran biyun. Jimla shekara takwas, wani ya yi bakwai, wani tara.

Ba jiya aka fara wannan tsari ba. Jami'ar Western Reserve da ke birnin Cleveland ita ce ta buɗe ƙofar a 1956. A 1964 hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fara zuba kuɗinta a ciki, da makarantu uku, daga baya suka ƙaru har suka kai wajen hamsin, ban da waɗanda ke ɗaukar nauyin kansu. A Ingila ma Jami'ar Kambirij ta fara nata wajen 1990. 'Yan kasuwa za su fi kowa gane dalilin kuɗin. Ɗalibin likita a Amurka ya kan fita da bashin makaranta wajen dala 200,000 a wuyansa. Mai irin wannan bashi ba zai zauna yana leƙa madubi a kan ɗan ƙaramin albashi ba, asibitin da ke biya da tsoka zai nufa. Saboda haka aka ce wanda ya yarda ya haɗa biyun an yafe masa kuɗin makaranta, ana kuma ba shi alawus na ci da kwana. Kuɗin gwamnatin na 'yan ƙasa ne da masu izinin zama na dindindin. Baƙo kuwa sai in makarantar ta ɗauke shi daga aljihunta, kuma kaɗan ne ƙwarai ke samun wannan. Na ce wa Alhaji, ko ba kome, ɗanka ya shiga ta ƙofar da ta fi kafar allura ƙunci, kuma ba ka sayar da ko turmi ɗaya don biya masa ba.

Amma ba wannan ne ya dame shi ba, tsakiyar ce ta dame shi. Lalle kuwa tsakiyar nan tana da ɗaci, waɗanda suka bi hanyar duk sun san ta. A shekara ta huɗu abubuwa uku su kan taru wa ɗalibi lokaci guda. Abokansa sun tafi. Aikinsa bai nuna ba. Abin da ya haddace na likitanci kuma yana zurarewa.

Bari in tsaya a kan na biyu, don shi ne mutanenmu ba su saba da shi ba. Karatun aji karatun naƙali ne: amsa tana cikin littafi, malami ya san ta, wanda ya yi hadda ya ci. Irin yaran da a ke ɗauka a wannan tsari kuwa tun suna ƙanana ba su san faɗuwa ba. Sai ga shi an kai su inda amsar ba ta cikin kowane littafi a duniya, malamin da kansa bai san ta ba, don da ya sani da bai sa a bincika ba. Malaman fiƙihu sun san bambancin da ke tsakanin mai karanta Risala da wanda aka kawo wa sabuwar mas'ala wadda ba nassi a kanta ƙarara, ba kuma wanda ya taɓa yin fatawa a kanta. Wannan na biyun shi ne halin ɗan Alhaji kullum safiya. Ya kan shuka ƙwayoyin halitta a faranti, ya yi mako uku yana ciyar da su, ran da zai auna sai ya tarar ƙwayar cuta ta faɗa ciki ta lalata su. Ɓerayen da Alhaji ke jin kunyarsu kuwa, cikin ɓera kwana ashirin ne ko da ɗaya, ɗan kuma sai ya yi mako shida zuwa takwas kafin ya isa haihuwa. In ana son ɓera mai ɗauke da wata cuta ta gado, sai an haɗa iri da iri zuriya bayan zuriya, shekara guda ta kan shuɗe kafin a fara gwajin da a ke nufi. Bayan duk wannan, ya yiwu wata safiya ya buɗe mujallar masana ya ga waɗansu a Jamus ko Sin sun riga shi buga abin da ya ke nema. Falken da ya sha tafiyar watanni daga Gwanja, ya iso ya tarar goro ya cika kasuwa, shi zai gaya muku yadda wannan ke yi a zuciya.

Na uku kuwa, ba sai na yi wa alarammomi dogon bayani ba. Gardin da ya haddace izu sittin, sa'an nan ya tafi zauren ilmi ya duƙufa a kan Ishmawi da Iziyya da Askari, in ya saki tilawa shekara huɗu, me zai samu ran da ya komo? Haka ɗalibin nan ya ke. Sunayen magunguna da alamomin cututtuka da ya sani kamar sunansa, yanzu sai ya yi lalube. Ran da zai komo asibiti zai tarar yaran da ke bayansa da aji uku sun fi shi kaifi, abokan ajinsa na da kuma su ne za su riƙa ba shi umarni. Don haka makarantu da yawa su kan sa irin waɗannan ɗalibai su riƙa leƙa asibiti lokaci lokaci suna ganin marasa lafiya a ƙarƙashin wani likita. Tilawarsu ke nan. Wanda ya sake ta ya cuci kansa.

A nan wani abu ya faɗo mini, na ga ya kamata in ambata wa ma'abota allo. Duk wanda ya kai rabin Alƙur'ani ya san inda izu talatin ya ke ƙarewa: cikin Suratul Kahfi ne, a tsakiyar ƙissar Annabi Musa da Halliru, daidai wurin da a ke tuna wa mai neman sani cewa haƙurin tafiyar ya fi yadda ya zata nauyi. Ko daga sama ka faro ko daga ƙasa, nan za ka tarar da rabin. Ba ina kwatanta shehin malamin jami'a da wannan bawan Allah ba ne, Allah ya kiyashe ni, don malamin jami'a ya kan yi kuskure, wajibi ne ma ɗalibi ya yi masa gardama da hujja. Abin da na ke nufi shi ne, mu da muka taso a kan allo bai kamata a ce sai an koya mana cewa rabin karatu wurin gajiya ne ba. Ɗokin farawa ya wuce, walimar sauka ba a ko hango ta ba.

To, da wane mudu za a auna wanda ke tsakiya? Nan ne na saɓa da Alhaji. Shi mudun mai tebur ya ɗauko, wanda ke ƙirga cinikinsa kowace Magariba. Abokan yaron sun sami shaida, shi bai samu ba, saboda haka an bar shi a baya. Ni kuwa na ce mudun madugu ya dace. Madugu in ya sauka zango a rabin hanya ba ya tambayar riba, don bai sayar da kome ba tukuna. Abin da ya ke dubawa shi ne ko jakuna suna da ƙarfi, ko kaya bai jiƙe ba, ko guzuri zai kai, ko kuwa hanyar da aka ɗauka tana ɓullewa.

Saboda haka na ce masa, in ka kira yaron kada ka ce yaushe za ka gama. Ka ce ya gaya maka, da Hausar da mahaifiyarsa za ta gane, wace tambaya ya ke nema wa amsa. In shekara biyu da suka wuce yana cewa yana binciken ciwon daji, yau kuma yana iya cewa ga ƙwaya kaza, ga abin da na ke zato tana yi, ga gwajin da zai ƙaryata ni in na yi kuskure, to, ya yi nisa ƙwarai, ko da bai buga ko shafi ɗaya ba. Tsukewar tambaya ita ce babbar alamar ci gaba a wannan fanni. In kuwa har yanzu maganar tasa faɗi ta ke yi kamar rafi da damina, akwai abin dubawa. Ka kuma tambaye shi ko gwajin da ya yi ya maimaitu, watau ya yi sau uku ya sami abu ɗaya, don abin da ya fito sau ɗaya bai zama hujja ba, kamar yadda shaida ɗaya ba ta isa a yanke hukunci a mafi yawan shari'u. Akwai kuma kwamitin malamai da a kan naɗa wa kowane ɗalibi, su zauna da shi aƙalla sau ɗaya a shekara, su ji inda ya kai. Ka tambaye shi me suka ce a zamansu na ƙarshe, kuma ko sun yarda da lokacin da ya ɗiba na gamawa. Wannan ita ce takardar lissafin da ba ta ƙarya.

Har hanyar da ta toshe ma ina lissafa ta cikin riba, in dai ya san dalilin toshewarta. Wanda ya tabbatar cewa magani kaza ba ya aiki a kan cuta kaza ya hutar da na bayansa, ya kuma tsare marasa lafiya daga shan abin da ba shi da fa'ida.

Mai karatu zai ce, duk mun ji, amma mece ce fa'idar haɗawar? A bar likita ya yi magani, a bar mai bincike ya yi bincike mana. Amsar ita ce, likita yana ganin ciwo amma sau da yawa ba shi da kayan tono asalinsa, mai bincike kuma yana da kayan amma bai taɓa kwana a kan yaro mai kuka ba, bai san wace tambaya ce ta fi gaggawa ba. Ana bukatar tafinta a tsakaninsu, mai jin harsunan biyu.

Ku ɗauki amosanin jini, wanda a ke kira sikila, tun da ba unguwar da ba ta san shi ba. An ƙiyasta a Nijeriya a kan haifi jarirai wajen 150,000 da shi kowace shekara, ba ƙasar da ta kai haka. A 1910 wani likita a Shikago, James Herrick, ya ba da labarin maras lafiyar da aka ga jajayen ƙwayoyin jininsa sun lanƙwashe kamar lauje. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa aibin yana cikin sinadarin da ke ɗaukar iska a jini. A 1956 da 1957 Vernon Ingram a Kambirij ya gano cewa abu ɗaya ne tak ya sauya a ginin sinadarin. Ku ƙaddara carbi ne mai ƙwaya 146, aka musanya ta shida da wata: wannan kaɗai ne ya haifar da duk wannan azaba. Amma me ya sa cutar ta yi yawa a ƙasashenmu? Wanda ya amsa wannan mutum ne da ya haɗa karatun biyu a Jami'ar Okusfod, Anthony Allison, wanda ya girma a Kenya. Ya lura cewa masu ɗauke da rabin gadon suna da yawa a bakin teku da gefen tafkin Biktoriya, inda sauro ya ke, amma a kan tsaunuka da ƙyar a ke samunsu. Ya koma ya auna jinin yara, a 1954 ya buga cewa mai rabin gadon yana da kariya daga mugun zazzaɓin cizon sauro. Idon likita ne ya ga mutanen, hannun mai bincike ya auna. A 1998 Amurka ta amince da maganin haidiroksiyuriya don rage tashin ciwon. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, maganin da ke gyara ƙwayoyin gadon maras lafiya, a kan dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya a Amurka. Daga Herrick zuwa nan shekara 113. Alhaji ya ji kuɗin ya riƙe baki, ya ce wa zai iya? Na ce shi ya sa aikin bai ƙare ba. A Kano ma, likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tare da na Jami'ar Vanderbilt sun yi bincike a kan yadda za a gane yaran da shanyewar ɓarin jiki ke barazana gare su, ta hanyar auna gudun jini a ka, a tsare su da haidiroksiyuriya maimakon ƙarin jini kowane wata, wanda ya fi ƙarfin talaka. Irin wannan tambaya sai wanda ya san gadon asibitinmu ya kan yi ta.

Daga ɗaliban farko na Cleveland, Ferid Murad da ya gama a 1965 ya sami kyautar Nobel a 1998, Alfred Gilman da ya gama a 1969 ya sami tasa a 1994. Drew Weissman ya gama karatun biyu a Jami'ar Boston a 1987. Shi da Katalin Karikó suka buga wani aiki a 2005 wanda mutane kaɗan suka kula da shi, sai a 2020 aka gina alluran rigakafin korona a kansa, aka ba su Nobel a 2023. Da an auna Weissman da mudun mai tebur a 2006, da an ce ya yi hasara.

Kada kuma wani ya ce wannan bidi'ar Turawa ce. Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, alƙalin Malikiyya ne mai Bidayatul Mujtahid, shi ne kuma mai Kulliyyat a fannin ɗibbu. Ibnun Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, malamin fiƙihu ne kuma likita, ya duba maganar magabata cewa jini yana ratsa bangon da ke tsakiyar zuciya, ya ce a'a, ta huhu ya ke zagayawa, gaskiya kuwa tana wurinsa. Abubakar Arrazi ya rarrabe agana da ƙyanda ta hanyar zama a kan marasa lafiya yana rubuta abin da ya gani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da yaƙi, ya yi wallafa a kan magani. Imam Gazali a cikin Ihya'u ya sa ɗibbu cikin farillan kifaya, ya kuma zargi mutanen zamaninsa da yin cincirindo a kan rassan fiƙihu alhali garuruwansu ba likita Musulmi. Ni a ganina, a wannan zamani binciken magani ma ya shiga wannan hukunci, don maganin da ba a bincika ba ba a samunsa.

Mu kuwa mun ɗanɗana rashin masu wannan sani. A 1996 sanƙarau ya kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya. A cikin wannan annoba kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani sabon magani a Kano, gwajin da ya ƙunshi yara 200, 11 suka rasu. Aka daɗe ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, kamfanin ya musanta laifi, aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Zafin wannan yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, ba a komo ba sai a 2004, cutar kuwa ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yaran da ba su ji ba su gani ba suka shanye. Sai a 2020 aka shaida Afirka ta rabu da asalin ƙwayar. A waɗancan kwanaki malamai aka yi ta tambaya, halal ne ko haram, lafiya ne ko cuta. Malami kuwa ba ya fatawa sai an siffanta masa abin. Wa zai siffanta masa? Sai ɗan gida wanda jama'a suka san ubansa, wanda ya iya duba maras lafiya, ya kuma iya karanta takardar gwaji ya gane inda aka yi daidai da inda aka yi coge. Muna da irinsu, amma ba su kai yawan bukatarmu ba.

Duk da haka ba zan ɓoye wa Alhaji abin da ke kansa na gaskiya ba, don karin maganar tasa ba a banza aka yi ta ba. Shekarun suna da yawa. Wanda ya shiga yana da 23 zai fita yana da 31, sa'an nan ga horon ƙwarewa na shekara uku zuwa bakwai a gabansa, kuma a Amurka irinsu ba su cika samun babban tallafin bincike na ƙashin kansu ba sai sun ba arba'in baya. Tun a 1979 James Wyngaarden ya yi kukan cewa likita mai bincike yana neman ƙarewa a ƙasar. Waɗansu bayan duk wahalar su kan saki binciken su koma asibiti ɗungum, don taura ɗaya ta fi sauƙin tauna, ta kuma fi kawo kuɗi. Ba kuma dole ne sai da shaida biyu a ke gano abu ba. Barry Marshall na Ostareliya shaidar likita kaɗai gare shi sa'ad da shi da Robin Warren suka nuna cewa ƙwayar cuta ce ke haddasa yawancin gyambon ciki, har ya sha ƙwayar da kansa a 1984 don ya kafa hujja, aka ba su Nobel a 2005. Akwai kuma malaman da ke riƙe ɗalibi fiye da ƙima don hannunsa yana da arha. Ɗalibin da ya faɗa hannun irin wannan ba haƙuri ya kamace shi ba, ya kai ƙara wurin shugabannin tsarin ko ya sauya ɗaki, ƙa'ida ta ba shi dama.

Har wa yau, in mutum ya tsaya a tsakiya ya bincika zuciyarsa tsakani da Allah, ya ga ba ya son binciken, ba gajiya ce kawai ba, ba kuma haushin ganin abokai sun wuce ba, to, ya koma ya ƙarasa likitancinsa. Ban ga abin kunya a nan ba. Likita nagari ba ƙaramin abu ba ne. Abin da na ke ƙi shi ne a yanke wannan hukunci a makon da gwaji ya lalace, ko don gorin dangi a wurin biki. Mu iyaye mu kan kashe wa 'ya'yanmu gwiwa da tambayar yaushe, alhali muna ganin ƙauna ce mu ke nunawa.

Saura mas'alar da ta fi min nauyi, wadda ban iya ba Alhaji tabbaci a kanta ba: ko yaron zai komo gida? Mai irin wannan sani yana bukatar ɗakin gwaji mai wutar da ba ta ɗaukewa, da firjin da ba ya mutuwa, da kuɗin sayen sinadarai shekara bayan shekara. In bai samu a gida ba zai zauna inda ya samu, mu kuma mu yi ta zarginsa. A nan maganata da attajirai ta ke. Kun gina masallatai da makarantu, Allah ya saka muku. Amma ban ga abin da ya hana waɗansunku su haɗa hannu su yi waƙafi don ɗakin bincike a ɗaya daga asibitocin koyarwa na Arewa ba, a kan sikila ko sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro, wanda kimanin rubu'in masu kamuwa da shi a duniya a Nijeriya su ke. Malamai su duba mana ko irin wannan bai shiga sadaka mai gudana ba. Ni dai ina ganin ya shiga.

Da Alhaji ya komo bayan kwana biyun na karanta masa wannan duka. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce ya ji, amma batun aure fa? Na ce wannan hakkinka ne ka tayar, ba ƙa'idar da ta hana ɗalibin nan aure, da yawa a cikinsu a shekarun binciken su ke yi, don lokacinsu ya fi zama a hannunsu fiye da shekarun asibiti da ke tafe. Fuskarsa ta ɗan saki. Ya ce ran Juma'a zai kira yaron ya tambaye shi abin da kwamitin malamansa suka ce, zai kuma sa Hajiya ta fara duba gidajen mutunci. Da ya kai bakin ƙofa yana sa takalmi ya juyo ya ce: "Amma Malam, maganar ɓerayen nan ta tsaya tsakaninmu, kada 'yan layinmu su ji." Na yi masa alkawarin ba zan faɗi sunansa ba.